Ina Mai Saye Zai Kai Kukansa a Sakkwato?

Duba ƙasan rasit ɗin da aka ba ka ranar da ka sayi fanka ko wayar hannu, in ma an ba ka rasit ɗin. Sau da yawa za ka tarar da ɗan rubutu da Turanci mai cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, kuɗin da aka biya kuma ba a mayarwa. Mun saba ganinsa har mun ɗauka doka ce. Ba doka ba ce. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da ya fito da aibi, a gyara masa, ko a canza masa, ko a ba shi kuɗinsa. A 2022 babbar kotun jihar Inugu ta umarci kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya biya wani fasinja diyyar Naira 500,000, saboda an hana shi kuɗin motarsa da hujjar cewa ba a mayar da kuɗi. Kuɗin motar kuwa Naira 500 ne kacal.

Basakkwace ba ya bukatar zuwa Inugu kafin ya san wannan. Duk wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala a zaure ya san cewa mutumin da ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. A daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa ma, sa ido kan mudu da sikeli da hana algus aikin hukuma ne, akwai muhtasibi da aka ɗora wa shi. Haƙƙin ya daɗe tare da mu. Abin tambaya shi ne wa zai karɓo maka shi yau, kuma yana iyawa?

Hukumomin sauraron koke suna da yawa, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. A ganina, hukuma tana iya karɓo maka haƙƙi ne idan ita ke riƙe da lasisin wanda ya cuce ka. Banki yana shakkar Babban Bankin Nijeriya domin shi ke iya cin sa tara, ya kuma rufe shi. Mai shagon da ya sayar maka da jabun caja ba shi da wani lasisi a Abuja da zai ji tsoron rasawa. Wanda ya gane wannan zai huta da yawon banza.

Mu fara da banki, tunda yau da wuya a wuni ba a ji wani yana cewa an cire masa kuɗi ba a biya shi ba. Ka je wurin mai POS a Gawon Nama, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, ga shi kuma saƙo ya shigo an zare Naira dubu ashirin. Nan take sai a kama cacar baki da yaron da ke riƙe da na'urar, alhali mafi yawan lokuta kuɗin bai shiga hannunsa ba. Karɓi ɗan rasit ɗin da na'urar ta fitar, ka ɗauki hotonsa a waya domin rubutunsa yana gogewa cikin 'yan kwanaki, ka nufi bankin da ya ba ka katin. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya yanke wa'adi. Idan na'urar ATM ta bankinka ce ta riƙe kuɗin, a mayar nan take, in hakan ta gagara kada a wuce awa 24. Idan ta wani banki ce, awa 48. Rigimar POS ko sayayyar intanet kuwa awa 72. Bankuna suna cika wannan wa'adi kullum? Ba sa cikawa. Amma wanda ya san wa'adin ba ya zama ɗaya da wanda aka ce wa "je ka dawo" ya tafi ya dawo.

Kada ka bar harabar bankin sai an ba ka lambar ƙorafi. Wannan lamba ita ce shaidar cewa kukanka ya shiga rijista, ba a kunnen ma'aikaci ya tsaya ba. Idan mako biyu ya cika ba a warware ba, sai ka rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012. Ka saka sunanka, sunan bankin, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, da shaidar cewa ka fara kai kuka bankin. Ana iya miƙa takardar a reshen Babban Bankin da ke nan Sakkwato. In ka tsallake bankinka ka tafi can kai tsaye, bankin za a sake turo ka. A cikin dukkan ƙofofin da zan ambata, wannan ce na fi yarda da ita, domin kowane cinikin banki yana barin sawu a kwamfuta, musu ba ya yin tsawo.

Wutar lantarki kuwa, nan ne ake jin jiki. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko da yake har gobe 'yan NEPA muke ce musu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, unguwa sai ta kwana bakwai a duhu, ƙarshen wata kuma a kawo wa marar mita bil kamar mai injin niƙa. Taransfoma ta ƙone, sai mai unguwa ya tara magidanta a yi karo-karo. Mutane da yawa ba su san cewa hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta faɗa ƙarara cewa sayen taransfoma da turaku da wayoyi, ko gyaransu, ba nauyin mai amfani da wuta ba ne, nauyin kamfani ne. Haka nan tun Fabrairun 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a ƙiyasta wa marar mita. Idan ka ƙi yarda da bil ɗin ƙiyasi ka shigar da ƙorafi, kana da damar ci gaba da biyan adadin bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba, har a gama bincike.

Hanyar hawa uku ce. Da farko ka rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin, ka tabbata an buga hatimi a kwafinka. Suna da kwanakin aiki 15. In ba su yi komai ba, ko abin da suka yi bai gamsar da kai ba, sai ka kai wa zauren sauraron koke na NERC, wanda ke da ofis a Sakkwato. Ba ma'aikatan kamfani ke zama a wurin ba, akwai injiniya, da wakilan 'yan kasuwa da masu masana'antu, da na masu kare haƙƙin jama'a. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba. Idan hukuncinsu bai yi maka ba, ka ɗaukaka zuwa hedikwatar hukumar a Abuja.

Tana da haƙora? Tana da su, in ta ga dama. A Fabrairun 2024 NERC ta bayyana cewa kamfanonin raba wuta goma sha ɗaya sun ɗora wa marasa mita abin da ya kai Naira biliyan 105 fiye da ƙa'ida tsakanin Janairu da Satumban 2023. Ta zaftare musu Naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su su rage wa waɗanda aka cuta a bil ɗinsu na gaba. Mutum nawa ne a Mabera ko Arkilla suka ɗauko bil suka duba ko an rage musu? Ga kuma wani cikas. A Janairun 2024 hukumar ta rushe kwamitin gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin da ya kai Naira biliyan 110. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu haka, samun hukunci a kansa daban, ganin sabuwar taransfoma a unguwa daban. Zauren ya fi tasiri a kan rigimar bil da ta mita, inda gyaran lissafi ne kawai, fiye da abin da ke bukatar fitar da miliyoyi. Duk da haka, unguwar da ta rubuta takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun magidanta hamsin da lambobin asusunsu na wuta ta fi wadda ta fito ta tare hanya samun abin nunawa gobe.

Na layin waya ba shi da tsawo. In ana cinye maka kati da wani abin da ba ka nema ba, kira kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. In suka yi biris, kira 622, layin kyauta na hukumar sadarwa ta NCC, ka ba su lambar. Saƙonnin talla kuwa, tura STOP zuwa 2442.

Uwar tafiyar ita ce FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sunanta ya yi tashe a jaridu. A Disamban 2023 ta ci kamfanin taba na British American Tobacco tarar dala miliyan 110. A Fabrairun 2024 ta garƙame wani kantin Sahad a Abuja saboda farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake caja a wurin biya. A Yulin 2024 ta ɗora wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun musamman ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Ita ce kuma ta dira kan manhajojin ba da bashi da ke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci in ya makara biya. Duk wannan abin a yaba ne. Sai dai a fahimta: kuɗin tara ba aljihun wanda aka cuta yake shiga ba. Sannan ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a Katsina yake, mafi sauƙin hanyar kai ƙorafi kuma ta intanet ce, da Turanci. Tsohuwar da aka sayar wa gurɓataccen man gyaɗa a Tsohuwar Kasuwa, wa zai cike mata fom? Idan rigimarka da babban kanti ce, ko dillalin babura, ko kamfanin firji da na'urar sola, gwada ta, takardarta tana razana mai kamfani. Jabun magani da lalataccen abincin gwangwani kuwa hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, za a kai wa, da kwalin a hannu.

Akwai wata tsohuwar ƙofa da aka manta da ita, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1975, marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya fara shugabanta. Tana da ofis a kowace jiha, aikinta kyauta ne, tana kuma iya kiran ma'aikata ko kamfani su zo su yi bayani. Rauninta shi ne shawara take bayarwa, ba hukuncin dole ba. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma in ka bar abin ya wuce shekara da faruwa, za ta iya ƙin karɓa.

To, cikin kasuwa fa, inda ake yawancin cinikinmu, da baki, ba rasit ba shaida? Gaskiya a nan shugabannin kasuwa sun fi duk waɗannan hukumomi amfani. A Babbar Kasuwa ko Kara, kowane layi yana da shugabansa, kowace sana'a tana da ƙungiyarta, kuma ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a gaban abokan sana'arsa fiye da wasiƙa daga Abuja. Sau da yawa kafin la'asar an raba gardama. Amma kada a manta alƙalin nan abokin sana'ar wanda ake ƙara ne, gobe tare za su yi sallah. Baƙo daga ƙauye, ko mace, ko yaro da aka aika, su ne suka fi shan "a yi haƙuri, a raba asarar." In kuɗin yana da kauri, kotun shari'a ko ta majistare tana nan. Makwabtanmu na Kano sun kafa hukumar kare masu saye ta jiha da ke shiga kasuwanni tana kwashe jabu da kayan da wa'adinsu ya ƙare. Irin wannan hukuma ta kusa, mai jin Hausa, ita ce ta fi dacewa da cinikin kasuwa a ko'ina cikin Arewa.

Mu ma muna da namu laifin. Muna jin kunyar neman rasit, kamar tuhuma ce ga mai shago. In an cuce mu sai mu ce mun bar wa Allah, ko mu lallashi kanmu da cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Yafiya abu ne mai kyau ga wanda ya yi niyyarta, amma mai sayar da jabu ba ya daina sayarwa don ka yafe, na bayanka zai sayar wa.

Wasu kuma sun koma kai kukansu Facebook da gidajen rediyo. Yana aiki wani lokaci, domin kamfani ba ya son a ambaci sunansa da sharri, sai dai a yi hattara ta fuska biyu. A Satumban 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook game da tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco, aka kuma gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko me mutum yake gani game da wannan shari'a, ya faɗi abin da ya same shi kawai, wanda yake da shaidarsa, ban da zagi da ƙari. Na biyu, 'yan damfara suna sintiri a ƙarƙashin shafukan bankuna. Da ka rubuta an cire maka kuɗi, wani zai kira ka da ladabi ya ce daga hedikwata yake, ya nemi lambar katinka, ko lambar sirri, ko wadda aka turo maka a saƙo yanzu-yanzu. Babu bankin da ke tambayar waɗannan ta waya, haka ma Babban Banki. Kashe kiran, ka je reshe da ƙafarka.