Sallama Tsakanin Saiwar Wake da Baƙinta

Gabatarwa

A daminar bara na tumɓuke gindin wake a bayan gidanmu da ke Anguwan Rogo, sai na ga wasu ƙananan ƙullutai manne da saiwarsa. Na ɗauka cuta ce, har na ce wa Baba mu sayo magani. Wata ƙawata mai karanta ilimin tsirrai a Jami'ar Jos ce ta hana mu ɓarnar kuɗi. Abin da na koya daga wurinta shi zan taƙaita wa mai karatu.

Su wane ne baƙin?

Ƙullutan nan masaukin wasu bakteriya ne da ake kira Rizobiyam. Aikinsu shi ne ɗebo naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, su mayar da shi abincin shuka, ita kuma ta biya su da sukari. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ne ya fara ware su a 1888.

Yadda ake sallamar

Baƙon kirki ba ya kutsawa gida. Saiwa ce ke fara sakin wani sinadari cikin ƙasa, bakteriyar su amsa da nasu saƙon, wanda masana a Faransa suka gano a 1990 cewa yana da jelar maiƙo. Da saƙon ya taɓa gashin saiwa, sai wasu sinadarai masu yanka, waɗanda ake kira fosfolifes, su gutsuri maiƙon da ke fatar tantanin gashin. Wannan guntu shi ke kai labari ciki, sai gashin ya lanƙwashe ya rungumi baƙin.

Umarnin ƙera waɗannan sinadarai yana rubuce cikin ƙwayoyin gadon shukar, amma ba kullum ake karanta shi ba. Yayin da ƙullutu ke girma, akan ƙara karanta wani sashe, a rage wani, gwargwadon buƙata.

Kammalawa

Kafin ka sayi magani, ka murza ƙullutun da yatsa. In ya cire da sauƙi, cikinsa kuma ja-ja, to alheri ne. Kumburin da tsutsa ke haddasawa kuwa jikin saiwar ne, ba ya cirewa. Haka nan yawan zuba yuriya kan sa wake ya rage karɓar baƙinsa, manomi ya sayi abin da da kyauta zai samu.