Kaji a Gidan Sori: Wace za ta yi kwanci, wace za ta yi ƙwai?

A Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ba. Haka abin yake a ƙauyukan Agye da Gazawa. Yawanci mata ke da su. Kaza ita ce asusun mace: in yaro ya kwanta ciwo, ko baƙo ya sauka, ko sabulu ya ƙare, ita ake kamawa. Amma ƙwan da ake samu bai taka kara ya karya ba. Babban dalili shi ne kwanci.

Ga lissafin

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sannan ta tsaya. Sai ta kwanta a kansu kwana 21. In ta ƙyanƙyashe, ta yi wajen wata 2 tana yawo da ƴan tsaki. Duk tsawon wannan lokaci ba ta yin ƙwai ko ɗaya. Shi ya sa a shekara ba ta wuce zubi 3 ko 4, watau ƙwai 40 zuwa 50.

Kwanci ba ciwo ba ne, halitta ce. Kaza in ta ga ƙwai sun taru a gurbi, ta ji ɗuminsu a ƙirjinta, sai jikinta ya bar yin ƙwai ya koma ga reno. Alamarta ba ta ɓuya: ba ta barin gurbi, tana buɗe gashi, tana saran hannun da ya matso, ba ta cin abinci sosai.

Mai kaji 5 in ta bar su duka suka yi kwanci, gidan ya rasa ƙwai ke nan. Dabara ita ce a raba musu aiki. A zaɓi 2 masu iya reno su yi kwanci, sauran su ci gaba da ƙwai.

Wadda ake son ƙwanta

A kwashe ƙwai kullum, safe da marece. A bar guda ɗaya a gurbi, a yi masa shaida da gawayi, don kada ta canza wuri.

In duk da haka ta kwanta, a ɗauke ta. A sa ta cikin kwando mai iska, a ɗora shi bisa itace cikin inuwa, inda akwai haske. Kada a shimfiɗa mata komi. A ba ta hatsi da ruwa. In iska ya sanyaya ƙirjinta kwana 3 zuwa 5, kwancin zai sake ta. Bayan mako 2 ko 3 ta koma ƙwai. Waɗansu sukan soka mata gashi a hanci ko su hana ta abinci. Wannan azaba ce, kuma kaza mai yunwa ba ta ƙwai.

Tsaba kaɗai ba ta isa ba. A haɗa mata dusa da garin ƙuli-ƙuli da gara da ganyen zogale. A gasa ɓawon ƙwai, a daka shi, a zuba mata, don ɓawon nata ya yi ƙarfi. Ruwa kuwa kada ya yanke, balle da bazara.

Wadda ake son ta ƙyanƙyashe

Kaza tana ƙwai ko babu zakara, amma wannan ƙwai ba ya ƙyanƙyasa. Zakara 1 ya isa kaji 10.

A zaɓi ƙwan da bai wuce kwana 7 ba, mai tsabta, marar tsaga. Kada a wanke shi. A aje shi wuri mai sanyi, kusa da randa. A sa mata 10 ko 12, daidai abin da fikafikanta za su rufe. A barbaɗa toka a gurbi saboda ƙuma, don ƙuma kan kori kaza daga kan ƙwai. Ran kwana 10, da dare, a haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai yana nuna jijiyoyi da duhu. Wanda haske ya ratsa sarai baragurbi zai zama, a fid da shi.

Ga wata dabara. A sa wa kaji 2 ƙwai rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, a haɗa wa ɗaya ƴan tsakin duka da dare. Ɗayar ta huta ta koma ƙwai.

Da damina zabi ke zuba ƙwai, amma zabuwa ba ta iya reno kamar kaza. Shi ya sa mutanen ƙasar Gobir da Katsina suka saba sa wa kaza ƙwan zabi. Shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. Mai son haɗa shi da na kaza, sai ta fara sa na zabi, bayan kwana 7 ta ƙara na kaza, su fito kusan tare.

Ƴan tsaki su zauna ƙarƙashin kwando mako 4 na farko, saboda shirwa da muzuru.

A tuna da ɗari

Duk wannan wahala tana iya tafiya cikin mako guda in ciwon Niwkasal ya shigo gari. Shi ne mai karkashe kaji lokacin ɗari, yana sa su zawo da murɗewar wuya. Ba shi da magani, sai rigakafi. A nemi ma'aikatan kiwo tun da kaka. Kazar da aka sayo kasuwar Tibiri ko Maradi, a ware ta mako 2 kafin ta shiga akurki.

Ƙwan da aka samu kuwa, kada a kai shi duka ga masu shayi. A dafa wa yara. Zancen wai ƙwai yana sa yaro sata camfi ne kawai. Ƙwai yana gina jikin yaro, yana kuma ƙara wa mai ciki ƙarfi.