Tsakuwa a Cikin Shinkafa

A layinmu na Gesse akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, gumin shinkafa ne sana'arta. Takan sayo shanshera daga manoman fadama, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin ganga, ta shanya, yara su kai injin casa. Duk masu gumi haka suke yi. Aikin Inna na gaske sai an dawo daga inji yake farawa. Za ta ɗora faifai a cinya ta bakace, sannan ta bi da yatsa tana tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya, tun bayan la'asar har ido ya daina gani. Ba ta da shago, kuma kwanonta ya ɗara na kasuwa tsada. Amma in biki ko suna ya taso a unguwa, sai ka kama layi tun da sauran mako guda.

Na taɓa ce mata, "Inna, ai masu dafawa za su rege, don me kike wahalar da idonki?" Ta ce, "Malam, wanda ya tauna tsakuwa, tambayarsa ta farko ita ce a ina aka auno."

Maganar nan ta dawo mini ran da ɗan yayata ya zo gida rai a ɓace. Yana aiki a wata ma'aikata a nan Birnin Kebbi, yana da digiri biyu da tarin takardun kwas, duk an liƙe su da roba. Aka tashi zaɓen wanda zai riƙe sashensu, aka tsallake shi aka ɗauki wani da bai kai shi takardu ba. Ya ce, "Kawu, son kai ne kawai." Ban musa masa nan take ba, don na san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma abin yana faruwa a ofisoshinmu fiye da yadda muke son faɗa. Sai na tambaye shi: in ka rubuta wasiƙa, darakta yakan sa hannu kai tsaye, ko sai ya bi ta da jan biro? Ya yi shiru, can ya ce ai kowa yana kuskure. Na wancan fa? Ya ce nasa dai ba a cika dawo da shi ba.

To ga tsakuwar. Alƙalumman da ba su haɗu ba a ƙasan jadawali. Sunan babban baƙo da aka rubuta ba daidai ba. Fayil ɗin da aka ce gobe, gobe ta zama mako. Waya a kashe ranar da aka yi alkawari. Kowane ɗaya ƙarami ne, ba wanda za a kori mutum a kansa. Sai dai shugaban da ya saba rege aikinka kafin ya miƙa sama ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, ko bai furta ba. Ƙarin girma na mataki yana zuwa da shekaru da jarrabawa, wannan kowa na samu in ya daɗe. Amma wa za a tura taro a madadin ma'aikata, wa za a damƙa wa kuɗin aiki, wa za a ambata in wani wuri ya nemi mutumin kirki, waɗannan a bayan idonka ake yanke su, a ɗakin da ba ka ciki, kuma abin da mutane suka tauna a aikinka shi ke magana a madadinka.

Mu mutanen Kebbi ai mun ga yadda suna ke ɓaci da yadda yake gyaruwa. Shekaru da yawa in aka ce shinkafa 'yar gida, tsakuwa ke fara zuwa ran mai saye, sai ya gwammace 'yar waje ko da ta kwana biyu a jirgin ruwa. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance. A Disambar 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe injin casar shinkafa na kamfanin WACOT a Argungu, ga na Labana a nan Birnin Kebbi. Injinan zamani suna fitar da tsakuwa, har ƙwaya mai baƙi suna warewa. Duk da haka mai saye bai saki jiki nan da nan ba. Har bayan rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, akwai 'yan kasuwar da ke juye 'yar gida mai kyau cikin buhun 'yar waje don ta shiga da tsada. Abin yana min ciwo: shinkafar ta gyaru, sunanta bai riske ta ba tukuna. Na faɗa wa yaron cewa ko yau ya daina sakaci, darakta zai ci gaba da ɗaukar jan biro na wani lokaci, kada hakan ya karya masa gwiwa.

Abu biyu kuma na koya a wurin Inna. Wata damina ruwa ya bugi shanyarta, shinkafar ta yi ɗan wari. Duk wanda ya zo awo sai ta faɗa masa da bakinta, ta rage kuɗi, mai biki kuwa ta ce ya je wani wuri a wannan karon. Ta yi asara, amma ba wanda ya ƙaurace mata. Ma'aikacin da ya je da kansa ya ce ranka ya daɗe, na yi kuskure a shafi kaza, ga gyaran, ya fi wanda aka gano nasa a gaban baƙi nesa ba kusa ba.

Na biyun, in sabuwar amarya ta tare a layin, Inna takan aika mata da ɗan kwano, ta ce a ɗanɗana. Akwai masu aiki tsab da ke ɓoye a lungun ofis, suna ganin nuna aiki fariya ce. Ban yarda da su ba. Ka karɓi rubuta bayanin taro in kowa ya noƙe, ka taimaka wa na wani sashe in ya maƙale, ka koya wa ɗan hidimar ƙasa abin da ka iya. Su ne za su kai labarinka inda ƙafarka ba ta taka ba.

Makon jiya yaron ya kira ni bayan magariba, yana ofis bai tashi ba. Ya ce ya sake bin rahoton wata uku da zai miƙa da safe, layi bayan layi, ya tsinci kuskure biyu a lissafi. Har yanzu wancan ne ke riƙe da sashen. Ya ce zai ƙara bi sau ɗaya kafin ya kulle ƙofa.