Abin da Ke Sa Mota Mai Turbo Ta Yanke Ƙarfi Ba Zato

Mota mai turbo takan yanke ƙarfi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa: ana tsakiyar wuce tirela, ko an kama hawa mai tsawo irin Hawan Kibo. Inji bai mutu ba, amma ko an taka totur har ƙasa ba ya amsawa, fitilar gargaɗi mai siffar inji kuma ta kunnu a gaban direba. In mai giya otomatik ce, takan maƙale a giya ta biyu ko ta uku. Makanikai a Turai suna kiran wannan hali da sunan da ke nufin ɗingishi, don motar za ta iya lallaɓawa har gareji, amma batun gudu ya ƙare.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke cusa iska cikin inji. Da iska ta yawaita sai a ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ne ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka, a cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza. Sandar takan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ke iya mayar da ƙarfe ja.

Abu mai irin wannan gudu ba a barinsa ba mai tsaro. Kwamfutar inji, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, tana lissafa matsin iskar da ya kamata turbo ta bayar, ta kwatanta da abin da na'urorin awo suka faɗa mata. In matsi ya wuce kima, yana iya fasa gasket ko ya lalata fistin. In ya gaza, alama ce ta cewa iska na zurarewa ko wani abu ya toshe. Ko wanne ne, kwamfutar takan rage mai, ta hana inji wuce juyi kusan 3,000 a minti. Ke nan ɗingishin ba shi ne ciwon ba, kariya ce daga asarar inji gaba ɗaya.

Sau da yawa laifin ba na turbo ɗin ba ne. Tiyon roba da ke kai iska inji kan tsage ko ya saki ɗauri, a ji huci idan an taka, motar dizal kuma ta yi ta baƙin hayaƙi. Na'urar auna iska kan yi datti ta riƙa ba da lissafin ƙarya. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙurar hunturu tana toshe matatar iska tun kafin wa'adin da kamfani ya rubuta ya cika.

Abin da ya fi rikita mutane yana faruwa ne a motocin dizal. Turbo ɗinsu na da ƙananan fikafikai masu motsi, suna matse hanyar hayaƙi idan inji na tafiya a hankali, su buɗe ta idan gudu ya ƙaru. Motar da kullum zirga-zirgar cikin gari take yi takan tara kunkunniya a wurin, har fikafikan su cije. Ranar da aka hau babban titi aka taka sosai, sai su kasa buɗewa, matsi ya haura, kwamfuta ta yanke ƙarfi. An san injinan TDI na Volkswagen da wannan, kuma a cikinsu wani ɗan bawul mai suna N75, ko siririn tiyon da ke haɗe da shi, yakan jawo irin matsalar. Direba ya tsaya ya kashe mota ya sake tayarwa, sai ƙarfi ya dawo kamar ba a yi komai ba. Wasu kan yi watanni suna wannan dabara, alhali kwamfutar sake gwadawa kawai take yi, ciwon na nan yana girma. Matatar hayaƙi da ta cushe ita ma tana kawo ɗingishin.

Idan turbo ɗin ce da kanta ta gaji, yawanci baƙin mai ne sila: jabu, ko wanda ya daɗe ba a juye ba, ko kashe inji nan take bayan doguwar tafiya ba a bar shi ya huce na minti ɗaya ko biyu ba. Alamarta ƙara mai kama da jiniya da shuɗin hayaƙi.

Gyara na gaskiya daga karanta kwamfuta yake farawa. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci soket mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta biyo baya, don haka yawancin motocin tokumbo suna da shi. Lambar P0299 na nufin matsi ya yi ƙasa, P0234 kuma ya yi yawa. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta faɗin kayan da za a saya, kuma goge ta ba gyara ba ne. Abin takaici, ana cire turbo mai lafiya a sa wata da tsadar gaske, alhali tsagaggen tiyo ne ya jawo komai. Duk wanda motarsa ta fara ɗingishi, ya kunna fitilun gargaɗi na waje ya koma gefen hanya, kada kuma ya yarda a kwance turbo kafin a karanta lamba, a duba tiyo da matatar iska.