Girkin mutum biyu a kudancin Kano

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na kudancin jihar Kano, 'yan mata da dama kan koyi girki ne a babban gida, inda ake auna hatsi da tiya.

Da zarar amarya ta tare, sai ta iske baki biyu kacal za ta ciyar, kuma hannun da ya saba da babbar tukunya ba ya saurin komawa awon gwangwani.

Ba ƙaramar matsala ba ce, ganin yadda hatsi ya yi tsada, ga kuma ƙarancin wutar lantarkin da za a adana abinci a firji. Tuwo kan kwana ya zama ɗumame, amma shinkafa da taliya kan lalace cikin zafi.

Shi ya sa wasu amaren ke gwada girke-girke masu sauƙi da abin da yankin ke samarwa: dambun shinkafar Tudun Wada da zogale, ko faten tsakin masara, ko farfesun kifin madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974.