Kafin ka ɗora PLC, duba ƙarfen da zai zauna a kai

Yau maganar din rel za mu yi, siririn ƙarfen nan da ake maƙala bireka, kwantakta da PLC a cikin fanel.

Bara na haɗa fanel ɗin famfon burtsatse a Kaduna, aka kai shi Birnin Gwari. Na bi arha, na sa rel marar kauri, na ɗaure da noti biyu kacal. Jijjigar hanya ta lanƙwasa shi, wayoyi suka saki, unguwa ta yi kwana uku ba ruwa. Wallahi laifina ne.

To, ga abin da nake dubawa yanzu.

Na ɗaya, zurfi. Rel ɗin da aka saba faɗinsa milimita 35 ne, amma zurfinsa iri biyu ne: 7.5 da 15. In kayanka na da nauyi, ɗauki 15.

Na biyu, karanta takardar na'urar. LOGO! da S7-1200 na Siemens suna hawa rel 35, amma S7-300 da S7-1500 kowanne da nasa rel daban. Kar ka je wurin aiki ka tarar ba ya shiga.

Na uku, tsatsa. Kun san damshin daminar yankin nan, saboda haka nemi wanda aka shafe da zinki.

Na ƙarshe, yawaita noti, sa makari a gefe biyu, ka haɗa rel ɗin da wayar atin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.