Aji Ɗaya, Yara Ɗari

A takarda, manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a unguwanni masu cunkoso irin su Rigasa a Kaduna ya san ba haka abin yake ba. Za ka tarar da yara fiye da ɗari a aji guda, na gaba zaune a ƙasa dab da allo, na baya a tsaye, wasu sun ɗare taga. In darasi na minti 40 ne kuma yaran 120, kowane yaro daƙiƙa 20 ce rabonsa, ko da malam bai taɓa alli ba. Duba aikin gida kuwa, sai dai ka ji an ce, "Kowa ya miƙa wa na kusa da shi littafinsa."

Matsalar ta daɗe. A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba kowane yaro ilimin firamare, wato UPE, an yi tanadin yara miliyan 2.3 a ajin farko na firamare, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Dole aka kwaso waɗanda ba su gama samun horo ba aka danƙa musu azuzuwa. Dokar UBE ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole, ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta fara ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin, kuma jihohi da dama sun sha barin kuɗin a can saboda sun gaza yin hakan.

Ko an karɓo, galibin kuɗin wajen gini da kujeru suke tafiya. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma nan gizo ke saƙa. Aji sau ɗaya ake gina shi, a shafa fenti, a yanke ƙyalle a gaban 'yan jarida. Malami kuwa duk ƙarshen wata sai an biya shi, ga fansho na jira. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sabon aji a kulle, an cusa yaran aji biyu a na kusa da shi domin malami ɗaya ne ke nan.

Saboda haka in gwamna ya yi shelar ilimi kyauta kuma dole, kamar yadda Kano ta yi a 2019, iyaye su tambayi malamai nawa aka ɗauka a bana, nawa kuma suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba.